Ranar da Malam Labbo Ya Ƙi Sakin Hannun Surukinsa

A layin masu buhu da ke bayan tashar Ƙauran Namoda akwai wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma ko akuyar layin ta san da ita. Idan mai furfura ya tsaya gaisuwa a ƙofar shago, duk wanda ya fi kusa da janareta sai ya kashe shi, ko nasa ne ko ba nasa ba. Ba a tambayar mai shi. Sai an gama gaisawa, baƙo ya juya baya, sannan a sake jan igiya a tayar da janaretan.

Malam Labbo ne ya kafa dokar. Shekararsa talatin da wani abu yana sayar da buhu da igiya a layin, shi ne babba, kuma ba a taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba. Tun lokacin da ƙananan janaretoci suka cika gari ya ga wani tsoho yana tambayar lafiyar iyali da ihu kamar mai kiran jaki, ya ce wannan wulaƙanci ba a layinsa ba. Ya sha kashe wa mai aski wuta da rabin kan mutum a aske. Ya kashe wa mai walda. Har Badarawa ya taɓa kai dokar, ranar da ya je gidan surukinsa Alhaji Yari ya tarar da injin niƙa yana ruri a ƙofar gida. Ya miƙa hannu ya kashe, matan unguwa na tsaye da ƙoren dawa suna kallonsa. Alhaji Yari ya riƙe abin a ransa. Daga nan duk sa'ad da ya shigo Ƙaura, da hannunsa yake kashe janaretan layin, yana murmushi, wai yana taya surukinsa aiki.

Shagon da ke manne da na Malam Labbo na 'yarsa Zubaida ne, matar Mainasara direba, ɗan Alhaji Yarin. Tana buga takardu da katin biki, tana cika wa mutane fom. Kwamfuta ɗaya gare ta, mai baƙin akwati, ta tsufa har sai an lallaɓa ta take tashi da safe. Sai ga shi ƙungiyar direbobin Ƙaura zuwa Shinkafi ta ba ta aikin katin shaida mai hoto, na kowane direba da kowane kwandasta, aka ce ana so ranar Juma'a, in ba ta iya ba a kai wa Safwan mai irin sana'arta da ke tsallaken titi. Tsohuwar kwamfutar ta kasa ɗaukar aikin. Mainasara ya taho mata da wata ƙwaƙwalwar kwamfuta mai ƙarfi daga Kano, ɗan abu mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba. Ta buɗe akwatin ta saka. Kwamfuta ta yi gum. Ta mayar da tsohuwar, ta tashi. Kwana biyu tana karatu a wayarta, sannan ran Laraba da hantsi ta shiga shagon ubanta ta durƙusa.

"Baba, wata alfarma nika roƙo."

"In ta kuɗi ce tashi."

"Ba ta kuɗi ba ce. Minti goma nika so a bar janaretana shi yi aiki, ko wa ya zo kar a kashe."

Malam Labbo ya ajiye basillar da yake ɗinke bakin buhu da ita. "Ko wa ya zo?"

"Ko wa ya zo, Baba."

"To ke da wa kunka yi shawarar rushe layin ga?"

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce a cikin akwatin akwai wani babban faifai kore da ake ce wa madabod, kowane abu a jikinsa yake manne. A cikin faifan kuma akwai wani ɗan karatu da aka zuba masa tun daga inda aka ƙera shi, da shi yake gane abin da aka saka masa. Karatun nata faifan tsohon yayi ne, bai san sabuwar ƙwaƙwalwa ba. Ta samo sabon karatun ta sa a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, za ta goge tsohon ta zuba sabon. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, tsohon ya tafi, sabon bai zauna ba, faifan ya mutu ke nan. Ba mai gyara shi a Ƙaura, ba kuma ta da wata kwamfutar. Shago ya rufe.

"Wato wanke allo za ki yi, ki sake rubutu," in ji Malam Labbo.

"Kusan haka, Baba. Sai dai wanga allon in anka tsaya a rabi, ba shi ƙara karɓar tawada har abada."

"Kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba."

"Ba ki taɓa ba, kuma a kan abin cin tuwonki za ki koya. Wanzamin da bai taɓa cire beli ba, ya tashi farawa da ɗansa na cikinsa." Ya yi tsaki. "Batirin nan naki mai kukan tsuntsu in anka ɗauke wuta hwa?"

"Ya mutu tun bara, Baba. Wutar gari kuwa ka san halinta."

Malam Labbo ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki. Sannan ya ce doka doka ce, ba zai tashi ya bi layi yana cewa ya ɗage ta saboda 'yarsa ba, gobe mai aski ya ce shi ma uwarsa ce ta haife shi. Amma ta bari sai an sauko daga azahar, lokacin da duk wani tsohon kirki yake kwance a ƙarƙashin inuwa. Shi da kansa zai zauna kusa da injin. Ba wanda zai zo.

Bayan azahar Zubaida ta cika tankin janareta taf, ta duba bakin mai, ta ɗaure wayar wutar da ke shiga shago da tsumma a jikin ƙofa don kar ta zame. Janaretan yana waje, tsakanin shagunan biyu, an ɗaure shi da sarƙa a jikin turken rumfa. Malam Labbo ya jawo kujerarsa ya zauna dab da shi, hayaƙi na shiga masa hanci, fuskar nan a murtuke. Ta juyo da gilashin kwamfutar yadda zai hango daga inda yake.

"Ka ga wanga layin, Baba? In na danna, shuɗi zai fara cika shi. Sai ya kai ƙarshe."

"Daga wane gefe?"

"Daga hagu."

"Ai na sani. Komai nasu a karkace yake farawa. Yi bisimilla ki danna."

Ta yi bisimilla, ta danna. Wani rubutu ja ya fito, shuɗi ya leƙo daga gefen hagu kamar ɗan tsako ya fasa ƙwai. Ya matsa kaɗan. Ya tsaya. Ya ƙara matsawa.

Bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba sai ga mai babur ya tsaya a bakin layi. Wani dogon tsoho ya sauko, da babbar riga ruwan toka da rawani, yana kaɗe ƙura daga gwiwa. Alhaji Yari ne. Ya kawo dawa kasuwa daga Badarawa, ya ce bari ya biyo ya ga surukai. Tsofaffin kirki suna kwance a inuwa, amma shi Alhaji Yari bai taɓa yarda ya tsufa ba.

Tun daga bakin layi aikin ya fara. Mai aski ya kashe nasa. Mai cajin waya ya kashe nasa. Layi ya yi tsit, in ban da janareta ɗaya da ke ta ɓaɓatu a gefen ƙafar mutumin da ya kafa dokar. Kowa ya juyo yana kallo. Alhaji Yari ya hango, fuskarsa ta washe. Ya taho da sauri, ya riga ya miƙo hannun dama, ba wajen surukinsa ba, wajen jan maɓallin da ke jikin injin.

A cikin shago Zubaida ta dafe kai. Ba ta da bakin da za ta ce wa uban mijinta kar ya taɓa. Ko sunansa ba ta faɗa.

Malam Labbo ya san abu biyu. In ya ce "kar ka kashe," ya kashe dokarsa da bakinsa a gaban mai aski. In ya yi shiru, faifan 'yarsa ya mutu. Bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya miƙe zumbur kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba, ya cafke hannun da ke tafiya wajen maɓalli.

"Alhaji! Maraba, maraba! Sannu da zuwa!"

"Yawwa, Malam Labbo. Bari in..."

"Ƙaƙa hanya?"

"Hanya sai addu'a. Bari dai in kashe wanga..."

"Ƙaƙa gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ƙaƙa gida? Ƙaƙa Hajiya?"

"Lahiya lau."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a zare hannu daga hannun mutumin da ke tambayar lafiyar iyalinka. Alhaji Yari ya sani. Sai ya bar na dama a inda yake, ya fara sulalo da na hagu daga cikin riga. Malam Labbo ya gani. Ya ɗora nasa na hagun a kan hannuwan biyu, irin gaisuwar da ake yi wa babban malami, har da ɗan rusunawa. Mutumin da aka yi wa haka, in yana da kunya, dole ya kawo nasa hagun ya ɗora. Alhaji Yari ya ɗora. Malam Labbo ya danne da babban yatsa. Hannu huɗu suka dunƙule wuri ɗaya.

"Ƙaƙa ɗanka Auwalu?"

"Lahiya lau!" Da ihu suke yi, don injin yana tsakanin ƙafafunsu.

"Ƙaƙa matar Auwalu? Ta sauka?"

"Tun watan jiya! Ai kai ka zo suna!"

"Na zo, na zo! Ƙaƙa jaririn?"

Ta saman kafaɗar Alhaji Yari, Malam Labbo yana hango gilashin. Shuɗin bai kai rabi ba. Tafiya yake kamar an aiki malalaci gona.

Ya tambayi Kulsumu 'yar Alhaji Yari da ke aure a Moriki. Ya tambayi mijinta, da uwar mijinta, da ciwon idon uwar mijin. Ya tambayi gero, ya tambayi dawa, ya tambayi wake. Ya tambayi rijiyar ƙofar gida, ko har yanzu tana da ruwa. Ya tambayi liman da ladan. Ya tambayi maƙwabcin da suka yi shekara bakwai ba sa magana da Alhaji Yari saboda iyakar gona.

"Ban san lahiyatai ba, ban kuma son sani!"

"To Allah shi daidaita! Ƙaƙa jakin nan naka mai yagaggen kunne?"

Alhaji Yari ya ƙura masa ido. Shekara goma sha biyu suna surukuta, mutumin nan bai taɓa wuce "ƙaƙa gida" sau biyu ba, sai ya koma kan buhunansa. Yau ga shi har jaki.

"Malam Labbo, lahiyarka kuwa? Ka ci wani abu da rana?"

"Lahiyata lau! Zumunci na tuna!"

"To mu kashe wanga abin mu yi zumuncin da kunnuwanmu!"

Ya ɗaga ƙafa zai matsa, takalminsa ya nufi wayar da ke kwance a ƙasa. Malam Labbo ya juya shi a hankali kamar masu rawa, ya mai da shi bayansa ga injin, wai rana tana dukan fuskarsa. Mai aski ya fito da almakashi a hannu. Mutumin da ake yi wa askin ma ya fito da tsumma a wuya. Wani daga cikinsu ya fara matsowa, don ya ga manya biyu hannunsu a cike, ya taimaka ya cika doka.

Mutanen Badarawa sun ƙare. Dabbobinta ma sun ƙare. Shuɗi ya ɗan wuce rabi. Alhaji Yari kuma ya samo dabara tasa.

"Malam Labbo, tunda mun gaisa, yi muna addu'a."

Ya san addu'a sai an saki hannu. Abin da ya manta shi ne, hannun da aka ɗaga sama ba ya saukowa sai an shafa.

"Madalla!" in ji Malam Labbo. Ya saki, a take ya ɗaga tafukansa, ya waiwaya ya daka wa layi tsawa. "Ku kuma tsaye kuke kamar turaku? A ɗaga hannu!"

Layi gaba ɗaya ya ɗaga hannu, har da wanda ya matso zai taimaka. Alhaji Yari ya ɗaga nasa, maɓalli na nan ƙasa da gwiwar hannunsa, taku ɗaya, ba halin taɓawa.

Malam Labbo ba malami ba ne. Addu'arsa ta kullum gajeriya ce, in ka yi atishawa ka rasa ta. Ranar nan kuwa ya buɗe baki. Ya roƙa wa iyaye da kakanni gafara. Ya roƙi zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Birnin Tsaba, ya roƙi Allah ya tsare masu bin hanya, a nan kam amin ɗin da aka amsa ta fito daga ciki, don ba wanda ba shi da wani a kan hanyar nan. Ya roƙi damina mai albarka. Ya roƙa wa direbobi birki mai kamawa. Ya roƙa wa mai aski hannu mai sauƙi, ya daina yanke wa mutane kunne. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna ɗaga hannu, ba su san abin da ya faru ba. Wata mai fura ta sauke ƙwaryarta. Safwan ma ya tsallako titi ya shiga sahu, yana cewa amin da ƙarfi, bai san a kan aikin da yake jira ya faɗo hannunsa ake yi ba.

Hannun Alhaji Yari ya fara gajiya. Yana cewa amin yana hararar surukinsa ta gefen ido. Sau biyu ya kai tafukansa kusa da fuska don ya nuna a rufe, sau biyu Malam Labbo ya ɗaga murya ya shiga wani sabon babi.

Shuɗi ya taɓa ƙarshen layi. Gilashi ya yi baƙi ƙirin.

"Innalillahi!" Muryar Zubaida ce daga cikin shago.

Malam Labbo ya katse addu'ar. Janareta na aiki, waya na nan a ɗaure, ba wanda ya taɓa komai, amma gilashi ya mutu. Fankar cikin akwatin ta yi shiru. Ya tsaya da hannu a sama, jama'a na jira, bai san abin da zai roƙa ba kuma. Abin da ya fito daga bakinsa a hankali, ba da ihu ba, shi ne, "Allah kar ka kunyata yarinyar nan."

"Amin," in ji Alhaji Yari, bai san wace yarinya ba.

Fanka ta motsa, ta tsaya. Ta sake motsawa, ta sake tsayawa. Zubaida ta toshe baki da gyalenta. A karo na uku fankar ta ɗauka da gaske, akwati ya yi ɗan ƙara sau ɗaya, rubutu fari ya fito a gilashi. Ta matsa ta karanta lambar da ke sama, ta sake karantawa tana bin ta da yatsa.

"Baba! Ya zauna!"

Malam Labbo ya shafa da sauri kamar mai wanke fuska. Kafin jama'a su sauke hannu Alhaji Yari ya sunkuya ya danna jan maɓalli. Janareta ya yi tari ya mutu.

"Kai ka kafa dokar ga, Malam Labbo," ya ce yana haki. "In kai ka manta, ni ban manta ba."

"Allah shi saka da alheri, Alhaji. Zauna ga kujera."

Zubaida ta fito ta durƙusa har ƙasa ta gaida uban mijinta, idonta jawur. Ta kawo masa ruwa, ta koma ciki. Dama tana bukatar a kashe wutar. Ta kwance murfin akwati, ta cire fanka, ta ɗaga tsohuwar ƙwaƙwalwa ta ajiye, ta zaunar da sabuwar, ta shafa mata ɗan farin man da ke hana ta zafi, ta mayar da komai. Sannan ta zo bakin ƙofa ta tsaya, tana kallon ubanta, tana kallon janareta, tana kallon baƙon da ke zaune yana murza kafaɗa. Baƙo bai juya baya ba, ba a jan igiya.

Alhaji Yari ba yaro ba ne. Ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Wai mi ke faruwa a layin ga?"

Malam Labbo ya gyara murya, ya faɗa masa gaskiya, a gajarce, yana kallon ƙasa. Da allon, da tawadar, da katin direbobi, da ranar Juma'a.

Alhaji Yari ya ajiye ruwan da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Wato jakina da ka tambaya, ba don Allah ba ne."

"Rabi don Allah ne."

"Addu'ar hwa?"

"Ita kam duka. Tsawon ne kawai nawa."

"Kai, Malam Labbo! Ka bar ni da hannu a sama kamar wanda 'yan sanda sunka tare, da ka ce mini abin ɗiyata ne, ni da kaina zan zauna bisa injin!" Ya juya wajen Zubaida. "Ke ɗiyata, yanzu abin ya yi ko bai yi ba?"

"Sai an kunna za a sani, Baba."

"To mi ake jira? Tashi, mai doka. Ja muna igiya da hannunka, ina zaune, kowa na kallo."

Malam Labbo ya dubi mai aski, mai aski ya dubi sama. Malam Labbo ya tattare hannun riga, ya taka janareta da ƙafa ɗaya, ya ja. Bai tashi ba. Ya sake ja, hularsa ta faɗi. A na uku ya kama.

Zubaida ta danna. Tsofaffin biyu suka cusa kai ta ƙofar shago, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsu. Gilashi ya kawo haske, kwamfutar da sai an lallaɓa ta ta buɗe kafin a ƙifta ido. Zubaida ta shiga inda hotunan direbobi suke, ta taɓa na farko, ya fito tar, wani mai faffaɗan hanci daga Shinkafi yana zare ido. Ta tura shi injin bugawa. Kati ya fito da ɗuminsa.

Alhaji Yari ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya kai kusa da ido.

"Wanga ai ɗan gidan Mardiyya ne," ya ce da ihu. "Shi ya kusa jefa ni rami bara. Buga na gaba in gani."